Ni da Singileti a Bayan Kaka

Ba zan taɓa mantawa da bikin Istar shekarar da na sayi kyamara ba, kuma ko da na so in manta, bangon falon surukaina da ke Barnawa ba zai bar ni ba. Wajen tsakiyar shekarun tamanin ne. Ina saurayi, ina aiki a wata masaƙa a Kakuri, ina haya a ɗaki ɗaya a unguwar Television. Ina da keke, ina da rediyo mai cin kaset, ina da wando mai faɗin ƙafa guda biyu (yayinsu ya wuce tuni, ni ne dai labari bai iso min ba). Sannan ina da wata cuta da ta fi su duka daɗewa a jikina, wato cutar "na sani". Kafin mutum ya kai rabin maganarsa na riga na ce na sani. Ko hanya na tambaya, mai kwatance yana fara buɗe baki zan ce na sani, in wuce, in je in ɓata.

A lokacin ina neman wata yarinya, Rifkatu, 'yar cocinmu. Saboda ita na shiga ƙungiyar mawaƙa, alhali muryata ko kaza ba ta kora daga kan shanya. Matsalar ita ce shugaban mawaƙan shi ne mahaifinta, Baba Ayuba. Ma'aikacin gwamnati ne, gajere, mai tumbi da gashin baki, ba ya dariya sai da dalili. In yana kaɗa waƙa da 'yar sandarsa yakan ɗaga dugadugansa sama, ya lumshe ido, ya karkata kai gefe ɗaya kamar mai sauraron tafasar tukunya. Ina tsoronsa, kuma ina son ya so ni, abin da ya sa kullum nake yawan surutu a gabansa.

Na aika ta hannun Mama, mahaifiyar Rifkatu, cewa ina so a ba ni izini in turo magabatana. Amsar da ta dawo min gajeriya ce. Baba ya ce a bari a wuce Ista tukuna ya ƙara dubawa, domin shi a ganinsa yaron da bai iya saurare ba, ba zai iya riƙe gida ba. Da Rifkatu ta faɗa min haka, me kuke tsammani na ce? Na ce na sani.

Saura mako biyu Ista, bayan mun gama koyon waƙa, Baba ya sanar cewa bana ƙungiya za ta yi 'yar tafiyar shan iska. Ranar Lahadi in an tashi sujada a coci za mu shiga bas zuwa ƙauyensu a gindin dutsen Kagoro, mu kwana ɗaya, washegari Litinin mu yi Galili a ruwan Matsirga, wato fitar nan da ake yi bayan Ista a ci a sha a yi waƙa, sannan mu dawo Kaduna da yamma. Kowa ya yi murna. Sai Baba ya yi ajiyar zuciya, ya ce abu ɗaya ke damunsa duk sanda zai je gida. Mahaifiyarsa ta tsufa ƙwarai, kuma ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Sau uku yana kai mata mai hoto, sau uku tana korarsu, na ƙarshe har da tsintsiya.

"Ranar da tsohuwar nan ta tafi," in ji shi, "ba ni da abin da zan nuna wa jikokina in ce ga fuskarta."

Ban san lokacin da hannuna ya tashi sama ba. Na ce, "Baba, bar min wannan. Ni zan ɗauke ta."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kana da kyamara ne?"

"Sosai ma, Baba."

(Ba ni da ita. Ban taɓa riƙe ta ba ma, sai dai in tsaya a gabanta in ƙame.)

Amma na riga na ƙudura. Na ga ƙofa, kuma na rantse sai na shiga. Cikin kwana biyu na sayi wata tsohuwar kyamara a hannun wani abokin aikina, baƙa mai nauyi, da igiyar ratayawa a wuya. Na ɗauke ta na kai wa Malam Danladi, mai shagon hoto a kusa da kasuwar Kakuri, don ya sayar min da fim ya kuma nuna min yadda ake sakawa. Mutumin kirki ne, mai haƙuri. Ya ba ni fim biyu masu cin hoto talatin da shida, ya ce ɗaya in yi gwaji da shi, ɗaya in ajiye don tafiya. Ya buɗe bayan kyamarar, ya ja wutsiyar fim ɗin daga ɗan gwangwaninsa, ya maƙala ta, ya nuna min hannun da ake ja bayan kowane hoto. Duk abin da ya faɗa ina cewa na sani.

Sai ya ce, "Oga, ga muhimmin abu. In fim ya ƙare ka zo naɗe shi, ka naɗe har wutsiyar nan ta shige ciki gaba ɗaya. In ka bar ta a waje, ba ka da yadda za ka..."

"Na sani, Malam, na sani."

Ya dube ni, ya yi murmushi, ya miƙo min kayana. Kowa ya ƙi ji dai ba ya ƙi gani ba.

Yanzu zan faɗi abin da shekara da shekaru ban iya faɗa da bakina ba. Fim ɗin gwajin nan, ban fita waje da shi ba, don ina jin kunyar 'yan gidan haya su ga ina koyo. A ɗakina na ƙarar da shi. Na gano wani ɗan ƙarfe a gaban kyamarar, in ka murɗa shi zai riƙa ƙara zirrr, ya ba ka lokaci ka ruga ka tsaya kafin ta ɗauka. To wannan ɗan ƙarfe shi ya kashe ni. In na taso daga aikin safe sai in buɗe taga haske ya shigo, in ɗora kyamara a kan akwati, in zama ni ne mai hoto ni ne kuma abin ɗauka.

Da farko da mutunci na fara. Na sa rigar coci, na riƙe jarida, na dafa haɓa. Da na ga ba mai ganina sai na saki jiki. Na tuɓe na saura daga ni sai farin singileti da gajeren wando, na shafe damatsa da man basilin, na dunƙule hannu ina nuna ƙwanji (wanda in gaskiya za a bi, bai fi na 'yar tsana ba). Na ɗaura wa kujera ɗankwali, na durƙusa a gabanta da furen roba, wai ina gwada yadda zan roƙi Rifkatu. Rana ta ƙarshe kuwa shaiɗan ya zo da kansa. Na cusa filo a cikin singileti, na zana gashin baki da gawayi, na ari muciyar matar mai gida, na ɗaga dugadugai, na lumshe ido, na karkata kai. Na yi Baba Ayuba sak. Har dariya na yi ni kaɗai, ina cewa ai wannan fim ba mai wanke shi har abada.

Da ya ƙare na naɗe shi. Ina jin ya yi sako-sako a hannuna na tsaya, na buɗe, na ciro shi da wutsiyarsa a waje, kamar yadda sabo yake zuwa. Na saka shi a 'yar robarsa, na jefa a aljihun tebur kusa da ɗan'uwansa. Shi ma sabon na riga na yar da kwalinsa, don na ciro takardar ciki in karanta. Robobi biyu baƙaƙe, iri ɗaya, suna kwance gefe da gefe.

Ranar Lahadin Ista aka tashi sujada, kowa ya ruga ɗauko jaka. Ni na tsaya gyaran gashi har na makara. Ina jiyo bas yana ta oda a bakin titi, na zura hannu a aljihun tebur na cafko roba ɗaya, na fita da gudu. A cikin bas na saka fim ɗin, a gaban kowa, da gangan, ina yi ina bayani kamar wanda ya shekara goma a sana'ar. Wata 'yar ƙungiya, Saratu, ta ce, "Broda, ashe kai ƙwararre ne." Na ce ai ƙaramin abu ne. Na saci kallon Baba, na ga yana duban taga.

Muka bi ta Kachia, muka wuce Zonkwa, ana waƙa ana tafi, zafi kamar a gasa gurasa. La'asar sakaliya muka isa ƙauyen. Dutsen yana tsaye a bayan gidaje, an yi ruwan farko, ƙasa tana ƙamshi. A tsakar gida muka tarar da Kaka, 'yar ƙaramar tsohuwa, zaune a kan tabarma tana tsince irin citta. Kowa ya durƙusa ya gaishe ta. Da ta ga abin da ke rataye a wuyana sai ta ɗaure fuska, ta yi magana da yarensu. Rifkatu ta fassara min: wai in cire wannan abu daga gabanta, ita ba ta ga dalilin da za a ɗauki fuskarta a kai birni ita kuma tana nan ba.

Baba ya dube ni, irin kallon nan na "to ga ka ga ta". Na ce a raina, yau ko ni ko tsohuwar nan.

Na ajiye kyamara a jaka. Na tuɓe takalmi, na zauna a gefen tabarmarta na fara tsince citta, ina zubar da mai kyau ina ajiye ruɓaɓɓiya, har ta buge min hannu ta nuna min. Na ɗauki bokiti na yi sawu huɗu a rijiya. Na ga itace a jingine na ɗauki gatari, na faskara har tafin hannuna ya yi bororo. Sauran suna can suna cin tuwon acca suna hira, ni ina ta fama. Tana ta kallona ta wutsiyar ido. Da asuba na riga kowa tashi, na share mata tsakar gida, na kunce mata awaki. Abin mamaki, duk tsawon wannan lokaci ban ce na sani ko sau ɗaya ba, domin ban san yarenta ba balle in katse ta.

Da hantsi, ana ta loda kaya a bas, sai ta kira ni da 'yar Hausarta ta kasuwa. "Kai, mijina, zo nan." (Haka take kiran duk saurayin da ya zo wajen jikanyarta, wasan kaka da jika.) Na zo na durƙusa. Ta ce, "Ka yi aiki. Zan zauna maka. Sau ɗaya. In ka ce in sake, zan fasa abin."

Ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da zanen da take ajiya don manyan ranaku, da ɗankwali, da wata tsohuwar tsakiya a wuya. Ta sa aka ajiye mata kujera 'yar tsuguno a ƙofar ɗakinta, ƙofar a buɗe, cikin ɗakin baƙi ƙirin a bayanta. Na durƙusa, na daidaita, na riƙe numfashi, na danna. Ƙyat! Tana jin ƙarar ta miƙe ta shige ɗaki. Na waiga na ga Baba yana goge tabarau da gefen riga, idonsa ya yi ja. Ya zo ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Ka yi ƙoƙari, ɗana." Wallahi a ranar ko cewa aka yi in ɗauki bas ɗin a ka, da na gwada.

A Matsirga kuwa ai sai abin da ya ƙaru. Na zama kamar an sake ɗan akuya. Na hau duwatsu, na kwanta a ƙasa, na shiga ruwa har gwiwa don in samo Rifkatu da farin ruwan yana zubowa a gefenta. Santsi ya kwashe ni na faɗa zaune, amma na ɗaga kyamara sama da hannu biyu, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Wandona ya yage daga baya, na ɗaura tawul na ci gaba. Na tara ƙungiya duka a inuwar wani baƙin dutse, Baba a gaba cikin baƙar kwat da 'yar sandarsa, na yi ta ba da umarni, kai matsa, ke ɗaga kai. Da fim ya ƙare na naɗe shi, na saka a aljihun gaba, na dafe shi da hannu tun daga can har muka shigo Television.

Ranar Talata na kai wa Malam Danladi. Ya ce mai kala ne, sai an tsallaka gada an kai cikin gari a wanke, in dawo Asabar ta sama. Kwana goma sha ɗayan nan ban bar kowa ya huta ba. Na faɗa a masaƙa, na faɗa a gidan haya, na faɗa wa mai shayi. A coci kuwa na sanar cewa ba zan buɗe ambulan ba, Baba ne zai fara gani da idonsa.

Asabar ɗin na tashi aiki a makare, ga shi ƙarfe huɗu ake koyon waƙa a gidan Baba. Na tsaya a shagon ko sauka daga keke ban yi ba. Malam Danladi ya fito da ambulan a hannu, fuskarsa wani iri, kamar mai son yin atishawa ya danne.

"Oga, abeg, don Allah sauko ka zauna. Akwai magana."

"Malam, sauri nake."

"Ka dai buɗe ka duba tukuna. Hotunan nan..."

"Na sani, wasu sun ɗan yi duhu. Ba komai."

Na fizge ambulan na taka keke. Ina jin yana kirana, amma wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Na tarar da su a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a tsakar gidan Baba, mutum kusan talatin a kan bencina, Mama tana gefe tana gyaran alayyafo. Ina shiga aka daina waƙa. Na je gaban Baba na rusuna, na miƙa ambulan da hannu biyu, har da ɗan jawabi, wai alƙawari kaya ne, ga shi na sauke. Ya gyara tabarau. Kowa ya taso ya kewaye shi.

Hoto na farko da ya zaro na Rifkatu ne a bakin ruwa. Ta yi kyau, ba laifi. Sai dai a kan baƙin dutsen da ke gefenta akwai wani mutum durƙushe, riƙe da furen roba, yana roƙon kujera mai ɗankwali. Saratu ta ce, "A'a, wannan ba Broda ba ne?" Na leƙa. Nan take na ga robobi biyu a aljihun tebur, na ji muryar Malam Danladi yana maganar wutsiya. Fim ɗin gwaji na ɗauka. Na ɗora tafiyar Ista gaba ɗaya a kan haukan da na yi a ɗaki, kuma duk inda duhu yake a hoto, nan na fito fes.

Na miƙa hannu in karɓe, Baba ya ɗaga min yatsa ɗaya. Ya ci gaba da zarowa. Ga ni ina karanta jarida a cikin gajimare. Ga ƙafafuna tsirara a kan rufin bas. Hotuna suna yawo hannu zuwa hannu, ana ta danne dariya, wani yana tari, wata ta cusa ɗankwali a baki. Sai ya zo kan hoton ƙungiya. Ga su nan duka a jere a inuwar dutse, ga Baba a gaba. A saman kansu kuwa, ƙato, ya cika dutsen, ga wani mai tumbin filo da gashin bakin gawayi, ya ɗaga dugadugai, ya lumshe ido, ya karkata kai, yana kaɗa musu waƙa da muciya.

Dariyar ta ɗauke ɗif. Mama ce kaɗai ta leƙo, ta gani, ta ajiye tiren alayyafo ta shige kicin, muna jiyo ta tana shiɗewa da dariya.

Baba ya ce, "Wannan muciya ce?"

"E, Baba."

"Cikin fa?"

"Filo ne, Baba."

Ya jinjina kai. "Ka lura da ni ƙwarai. Ashe idon yana aiki, kunnen ne ya mutu."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma duk wannan wasa ne a kan abin da ya biyo baya. Hoton Kaka ne na kusa da ƙarshe. Ta fito tsaf, da zanenta da tsakiyarta, kowane layi na fuskarta a bayyane. A cikin baƙar ƙofar da ke bayanta kuwa, daidai saman kanta, ga ni tsaye cikin farin singileti, damatsa suna ƙyalli, na dunƙule hannu biyu, na ciji leɓe.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Baba ya daɗe yana kallo. Da zai yi magana muryarsa ta yi ƙasa sosai. Ya ce, "Sau ɗaya ta zauna." Ya mayar da hotunan cikin ambulan, ya miƙo min, ya juya ya ce a buɗe waƙa ta gaba. Na dubi Rifkatu, ta kau da kai, hawaye a idonta. Na tura kekena na fita ban hau ba. Tun daga Barnawa har Television da ƙafa na tafi, kuma ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba. Ba kunyar singileti ce ta fi ci na ba. Na ɓata wa dattijo abin da ya shekara yana nema.

Washegari ban je coci ba. Ranar Litinin na koma wajen Malam Danladi da sabon fim ɗin da na tarar yana kwance a aljihun tebur lafiya lau. Na ce, "Malam, fara daga farko. Ban san komai ba." Ya yi dariya har ya riƙe ciki (ya ce masu wankin ma sun roƙi a gaishe ni), sannan ya zaunar da ni ya koya min, na yi shiru kamar a aji ɗaya. Na tambaye shi ko za a iya goge ni daga hoton. Ya ce mai kala ne, kuma ni da tsohuwar mun riga mun haɗu a nagatif ɗaya, wato a jikin fim ɗin, ba mai raba mu. Na ce to zan koma. Ko za ta fasa min kyamara a ka, sai na koma.

Asabar da sassafe na shiga mota a tasha ni kaɗai. Na tarar da Kaka a inda na bar ta. Na durƙusa na faɗa mata komai da 'yar Hausar da za ta gane, ban rage ba, har muciyar. Sannan na miƙa mata hoton. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta shafa fuskarta ta cikin takarda da yatsa. Ta ce, "Haka na tsufa?" Can sai ta gano na bayanta. Ta dube shi, ta dube ni, ta sake dubansa. Sai ta fashe da dariya, har maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Na ce, "Kaka, ki taimake ni ki sake zama. Ga sabon fim."

"Na ce sau ɗaya."

Na roƙa, na ɗebo ruwa, na faskara sauran itacen. Ta ce ko dutsen zan faskara, sau ɗaya ta ce. Na kwana a gidan da niyyar in sake gwadawa. Da safe na fito na tarar ta ɗaure ƙullin kaya, ta riƙe sandarta, ga ɗan buhun acca a gefe. Ta ce, "Ɗauki. Kai ni wajen Ayuba."

Da yammar Lahadi tasi ta sauke mu a ƙofar gidan Baba, ni da buhu a ka, Kaka a gaba. Matar da ta shekara goma ba ta taka Kaduna ba. Baba ya fito da jarida a hannu ya tsaya sororo. Ba ta bari an gama gaisuwa ba. Ta zauna a falo, ta ciro hoton daga ƙullin zaninta, ta fara magana da yarensu, Rifkatu tana raɗa min fassara daga bayan kujera. Ta ce tun da mahaifin Baba ya rasu ba wanda ya ƙara tsaya mata a baya, ga shi yanzu ta samu, har da ƙwanji. Ta ce yaron da ya yi ɓarna ya koma da ƙafarsa ya faɗa ba a rasa abin yi da shi. Ta ce a sa wa hoton gilashi a rataye, ita ba ta da wani sai shi. Wanda kuma ya riga ya shiga hoton gida, ba a barinsa tsaye a waje.

Sannan ta ce a kawo mata hoton muciyar. Na miƙa mata. Ta duba, ta dubi ɗanta sama da ƙasa, ta ce da Hausa don kowa ya ji, "Filon bai kai ba."

A ranar na fara ganin haƙoran Baba Ayuba. Ya yi ƙoƙarin dannewa, abin ya fi ƙarfinsa. Da ya natsu ya goge ido, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Ka faɗa wa magabatanka su zo ƙarshen wata." Na buɗe baki, na ji "na sani" ta taso har maƙogwaro, na haɗiye ta. Na ce, "Na gode, Baba." Ya ce, "Kuma ka zo da riga."

Kaka ta rasu bayan shekara biyu, kuma ba ta ƙara zama gaban kyamara ba. Hoton nan shi ne kaɗai fuskarta da ta rage a duniya, don haka ba mai iya sauke shi. An ƙara masa girma, an sa a katin jana'izarta (sun yi ƙoƙarin yanke ni, amma gwiwar hannuna ta ƙi fita). 'Ya'yana sun taso suna ganinsa. Samarin da suka zo neman 'ya'yana mata duk sai da aka kai su gaishe da kakanni a Barnawa, kuma ina ganin yadda kowannensu yake ɗaga kai ya dubi bango, ya dube ni, ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe. Ka gwada yi wa suruki muzurai bayan ya gan ka a haka.

Tun daga lokacin, in mai sana'a ya fara magana, ko mai faci ne ko mai gyaran famfo, nakan rufe bakina har ya kai aya. Abin da zai faɗa a ƙarshe, wanda nake katsewa, galibi shi ne maganar. Da na bar Malam Danladi ya ƙarasa jimla ɗaya tak, da yanzu ina zama a falon surukaina kamar kowane dattijo. Ga shi shekara kusan arba'in ke nan, duk sanda na je gidan, kujerar da ke ba wa bangon baya nake nema.